Katin da Malam Ya Ba Ɗaya Bisa Goma

Malam ya durƙusa gaban kabad ɗin falo, rabin jikinsa a ciki, yana watso tsofaffin jaridu da wayoyin caja da suka mutu tun bara.

"Wai ina gwangwanin nan ne?" ya tambaya, muryarsa na fitowa kamar daga rijiya.

"Wane gwangwani?" in ji matarsa daga kicin.

"Gwangwani nawa gare mu a gidan nan? Na biskit mana. Gwangwanin daƙiƙan katunan nan. Na yi alkawari zan ba wanda ya zo na ƙarshe a gasar yau, ya je ya yi ta fama."

"Yana cikin jakata."

Malam ya janyo kansa, ya buge ƙeya da katako, ya shafa wajen. Matarsa ta fito tana goge hannu. Ma'aikaciyar jinya ce, kowa Sista yake kiranta, har shi mijin. Yau Asabar ba ta da aiki, amma ga ta ta shirya tsaf, har da takalmin fita.

"Ina zuwa haka?"

"Inda za ka. Yara suna wajen gwaggonsu, zaman me zan yi ni kaɗai?"

"Kallo za ki je?"

"Mu dai je, Malam. Ga jakarka can na haɗa maka. Da tabarau, da ruwa, da littafin maki."

Shi dai Malam lissafi yake koyarwa a sakandare, shekara ashirin da biyu ke nan, kuma a duk tsawon shekarun nan bai taɓa ganin ɗalibin da ya ƙagu a shiga ajinsa ba. Amma kowace Laraba da yamma mutum dubu huɗu ne ke jiransa a waya. A can sunansa Jan Biro. Yakan jingina wayar da kofin shayi a kan teburin cin abinci, ya ɗauko sababbin katunan wasan Katanga ɗaya bayan ɗaya, ya karanta, ya juya, ya yi tsaki ko ya gyaɗa kai, sannan ya ba kowanne maki bisa goma, da sharhi irin na takardar jarrabawa. "Madalla." "Ba laifi." "Ka ƙara ƙoƙari." Wani katin ma, "Ka turo mahaifinka." Mutane na mutuwar dariya, kuma abin da ya fi daɗi, suna bin maganarsa. Katin da ya ba goma, kafin Juma'a ya ƙare a shago. Wanda ya kayar kuwa, ko kyauta ba mai karɓa. Malam na son wannan aiki fiye da yadda zai iya faɗa wa kowa. Shi ne wuri ɗaya tak a duniya da yake magana a yi tsit.

Wasan ba shi da wuyar ganewa. Kowane ɗan wasa na da katanga mai tubali ashirin, da tarin kati arba'in da ya zaɓa da kansa. Kowane zagaye ka ja kati ɗaya, ka buga abin da za ka buga, katin da ya gama aiki ya tafi juji. In an rushe katangarka, ka faɗi. In aka zo ja ba ka da sauran kati, nan ma ka faɗi. Sai dai wannan ta biyun, a cewar Malam, dokar ado ce kawai, don wasan ƙwararru ba ya wuce zagaye goma.

Mako uku da suka wuce ne aka fito da sababbin katuna. Cikinsu akwai Guguwa, mai rushe tubali biyar a bugu ɗaya, ko da yake tana cinye kati uku daga tarin mai ita. Malam ya ba ta goma cif, har ya miƙe tsaye ya sara mata. Akwai kuma Mai Shara, hoton wani tsoho ne da tsintsiya. Ba ya rushe komai, ba ya tare komai. Aikinsa kawai, kowane zagaye ya ɗauko kati ɗaya daga juji ya mayar ƙarƙashin tari. Malam ya karanta shi sau biyu a gaban waya, ya cire tabarau, ya mayar. Sannan ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya kwantar da katin, ya danna jan bironsa a fuskar tsohon, ya rubuta 1 da ƙarfi.

"Ɗayan nan ma don ya rubuta sunansa daidai ne," ya ce. Daɗin bakinsa ya ɗebe shi, sai ya ƙara da cewa, "Ranar da Mai Shara ya ci gasa, ku shaida, na ajiye biron nan. Ba zan sake ba kati maki ba har abada."

Baki shi ke yanka wuya. Mai Shago, wanda ke shirya gasar, bai bari maganar ta huce ba. Washegari ya buga ta da manyan baƙaƙe ya manna a ƙofa, ya ƙara nasa a ƙasa: duk wanda ya ci da Mai Shara, ya haɗa da biron Malam ya tafi da shi gida. Aka yi dariya aka wuce, don wa zai yi wannan haukan?

A cikin bas Sista ta ɗora jakarta a cinya ta rungume. Malam na jin gwangwanin na ƙara duk sa'ad da suka faɗa rami. Ya fito da littafin maki yana duba sunayen waɗanda za su zo. Wani kati ya leƙo daga tsakiyar littafin, ya tura shi ciki da yatsa. Mai Shara ne shi ma. Huɗu ya samu a kwalin da ya saya, don banza ba ta ƙaranci. Uku sun tafi gwangwani, har da wanda ya rubuta wa maki, na huɗun kuma ya mayar da shi alamar shafi.

"Yau mutum nawa za su buga da Guguwa?" Sista ta tambaya.

"Duk mai hankali," in ji Malam. "Cikin talatin da biyu, in ce talatin. Na ba su jerin katunan gaba ɗaya ranar Laraba, arba'in cif, ba sai sun wahalar da ƙwaƙwalwa ba."

"Allah ya saka maka," ta ce, ta juya tana kallon titi.

Bai ji komai a cikin maganar ba. Shekara uku ke nan ita ce abokiyar gwajinsa. In ta dawo daga asibiti ta ci abinci, sai ya baje katunan da yake son gwadawa, ya tura mata gwangwanin ya ce ta haɗa wani abu ta tsaya masa. Ita ce bango, shi ne mai jifa. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Da sun kai zagaye na goma, katangarta ta kusa ƙasa, tasa ko ƙwarzane babu, sai ya tattara katunansa ya ce, "To, ai an ga mai nasara," ya buɗe littafi ya rubuta. Ita kuma ta mayar da nata gwangwani, ta rufe, ta je ta ɗora shayi.

Shagon yana hawa na biyu, saman wani mai gyaran waya. Ɗaki ne dogo, da tebura na roba goma sha shida, da fankoki biyu, ɗaya na juyawa ɗaya na tunanin juyawa. A jikin bango an manna makin Jan Biro na wata shida, layi-layi. Da Malam ya shigo sai wuri ya ɗauki sowa. Wani ƙato ya taso ya karɓi jakarsa da hannu biyu. Direban babbar mota ne, kuma a duk masu bin Malam babu kamarsa. An ce in yana kan doguwar hanya ranar Laraba, yakan faka a gefen titi ya kalli shirin, sannan ya ci gaba.

"Malam, barka da isowa. Jerinka na haɗa, ko kati ɗaya ban canza ba. Anti, sannu da zuwa. Yau an zo ba Malam ƙarfin gwiwa ke nan? Bari in samo miki kujera kusa da fanka mai rai."

"Na gode, ƙanena," in ji Sista. "Amma fara nuna mini inda ake rubuta suna."

Mai Shago na zaune bayan akwatin gilashi, makullai rataye a wuyansa. Ya miƙa mata takarda yana murmushi irin na mai lallashin baƙo. Ta cika, ta jera sunayen katunanta arba'in kamar yadda doka ta ce, ta mayar masa. Ya fara karantawa, murmushin ya tsaya. Ya ɗaga kai ya dubi Malam, ya sake duban takardar, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

"Malam, zo ka ga ajinka. Mai Gadi uku, ka ba shi biyu bisa goma. Magini uku, ka ba shi uku. Mai Shara uku." Ya share hawaye da bayan hannu. "Wallahi duk takardar nan babu wanda ya kai huɗu."

Ɗaki ya fashe da dariya, Malam ma ya taya su. Ya sunkuya kusa da kunnenta ya ce, "Haba Sista, da kin faɗa mini ai da na ara miki na kirki. Kada ki ji kunya a gaban mutane."

"Ba komai. In na zo na ƙarshe, ai gwangwanin ya dawo gida."

Aka fara. Tsarin faɗuwa ɗaya ne, wanda aka ci ya koma ɗan kallo. Malam ya gama da abokin karawarsa na farko cikin minti tara, na biyu cikin bakwai. Ya sha ruwa, ya zagaya tebura yana ba da shawarar da ba a tambaye shi ba. Kowane zagaye sai a gama kaf, a tsaya jiran tebur ɗaya a can lungu, inda Sista ke zaune da jakarta a cinya. Da farko mutane na tsaki don tana ɓata musu lokaci. Wani ɗalibin jami'a ne ya fara tasowa daga gabanta, yana jujjuya hannuwa kamar wanda aka yi wa sane a kasuwa.

"Katina ya ƙare," ya ce wa ba kowa ba. "Saura tubali biyu in gama da ita, kati ya ƙare."

"Ka yi gaggawa ne," in ji Malam. "Guguwa tana son lissafi."

Na biyu wani mai ɗaukar hoto ne, shi ma haka. Na uku wata lauya ce da ba a taɓa ci ba tun farkon shekara. Ita da ta tashi sai ta ja kujera ta zauna bayan Sista. Kafin a ankara, rabin ɗakin ya koma lungun nan, an bar fanka mai rai tana hura kujeru.

Mai Shago ya hau kan benci ya karanta sunayen huɗun da suka rage. Ya ja numfashi don jin daɗin abin da zai faɗa, sannan ya ce, "Tebur na ɗaya, Malam da Sista. Don Allah abin da ya faru a nan ya tsaya a nan, kada a kai shi gida."

Suka zauna fuska da fuska kamar kowace yamma, sai dai babu kofin shayi. Malam ya gyara zama. Ai ya san wannan tarin. Shekara uku yana dukansa.

Haka kuwa aka fara. Guguwa ta farko ta kwashe tubali biyar. Ta biyu Mai Gadi ya tare ta, ya tafi juji. Magini ya mayar da tubali biyu, shi ma ya tafi juji. Tsohon mai tsintsiya na zaune a gefe, kowane zagaye Sista ta ɗauko kati ɗaya daga juji ta cusa ƙarƙashin tarinta, a hankali, yadda take gyara wa majiyyaci matashi. A zagaye na goma katangarta saura tubali huɗu, tasa ashirin cif. Hannun Malam, da kansa ba tare da ya aike shi ba, ya fara tattara katuna.

"To, ai an ga mai..."

"Yau ba gida muke ba, Malam," in ji ta. "A ƙarasa."

Ya dubi tarinsa. Ya yi siriri kamar yankan burodi. Ya ƙirga da ido, kati shida. Nata kuwa yana nan da kaurinsa, kuma yanzu Mai Shara biyu ne a tebur. Mai Gadin da ya kashe ɗazu ya dawo. Maginin da ya tafi juji ya dawo. Malamin lissafi ne, bai buƙaci kowa ya gaya masa ba. In ya buga Guguwa, ta cinye masa uku, Mai Gadi ya tare. In bai buga ba, ya zauna yana ja ɗaya-ɗaya har ya ƙare. Ya tuna yammacin nan duka da yake rufe wasa a daidai wannan wuri, ita kuma ta tashi ta ɗora shayi. Kunya ta rufe shi tun daga wuya har kunne.

"Tun yaushe kika sani?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Tun ranar da ka rubuta masa ɗaya. Kai kana duba su ɗaya-ɗaya ne, kamar 'yan jarrabawa, ba ka yarda wani ya leƙa takardar wani. Ni kuwa a gwangwani ɗaya ka zuba mini su." Ta gyara zaman katunanta. "Kuma ka sa kowa ya zo da tari iri ɗaya. Mutum talatin, duk kai ne. Ja katinka."

A zagaye na goma sha shida ya kai hannu, ya taɓa tebur. Ɗakin ya ɓarke da sowa. Malam ya miƙe ya ba ta hannu kamar yadda ake yi, ya ce, "Madalla," da irin muryar Laraba, aka ƙara dariya. Amma da ya koma gefe ya zauna, sai ya ji hannunsa ya tafi aljihun gaba, inda biron yake. Na ƙarfe ne, shugaban makarantarsu na farko ya ba shi ranar da ya fara aiki, ciki kawai yake sauya masa. Saura wasa ɗaya tsakaninsa da rabuwa da shi, da Laraba, da mutum dubu huɗu. Direba ne ya ci ɗaya teburin. Malam ya dube shi, ya ji a ransa yana yi masa addu'a, ya kuma ji haushin kansa da yin ta.

Wasan ƙarshe a teburin tsakiya ake yinsa, ƙarƙashin wata fitila mai dogon wuya, da waya a sama tana haska wa na gida. Mai Shago ya karɓi tarin kowannensu don dubawa. Ya baje na Direba a kife, ya shafa, ya mayar. Ya baje na Sista. Ya shafa, ya tsaya. Ya karkato fitilar, ya sunkuya har makullansa suka taɓa tebur, ya zaro kati ɗaya. A bayansa, inda hasken ya faɗo a karkace, ga wani ɗan layi ya kumburo. Ya juya shi. Tsoho mai tsintsiya ne, da jan 1 a fuskarsa.

"Kash," in ji Mai Shago, kuma da gaske abin bai yi masa daɗi ba. "Sista, biron ya huda har baya. Ana iya gane katin nan a kife. Na san ba da gangan ba ne, duk mun ga wanda ya yi aika-aikar. Amma doka ce: kati mai alama sai a sauya shi da irinsa sak, cikin minti goma. In babu, wasa na abokin karawa ne."

"A bar shi mana," in ji Direba. "Ni ban damu ba. Ina so in buga da Anti."

"Ba kai za ka damu ba, waya na haskawa. In na bari yau, gobe kowa ya zo da nasa zanen." Ya duba agogo. "Wa ke da Mai Shara?"

Nan fa aka shiga lalube. Aka zazzage jakunkuna, aka buɗe akwatuna, aka juye aljihu. Ɗalibin jami'a ya ce nasa ya ba ƙannensa suna gina gida da su. Mai hoto ya ce da nasa ya tokare ƙafar tebur a shagonsa. Direba ya sosa ƙeya ya ce shi da nasa yake kankare gilashin mota. Mai Shago kansa ya nuna kantocinsa: duk ƙananan takardun da ya rubuta sunayen kaya a kai, Mai Shara ne ya yanka biyu-biyu.

"Malam ne ya ce ba shi da amfani," wani ya faɗa daga baya, ba da niyyar zargi ba.

Lauya ta ruga ƙasa ta tambayi mai gyaran waya, ta dawo hannu rabbana. Saura minti biyar.

Malam na zaune a gefe da jakarsa a cinya. Tun da aka ce "irinsa sak" ya san inda yake. Ya zuge jakar, ya sa hannu kamar mai neman ruwa, yatsunsa suka sami littafin, suka sami gefen katin. Sumul yake, ko lanƙwasa babu. Ba wanda ya sani. In ya bar hannunsa a nan minti kaɗan, shi ke nan, doka ce ta yi aikinta, ba shi ba. Mai Shara bai ci gasa ba. Ranar Laraba ya fito ya yi dariya, ya ce to, an kusa, ya ɗaga makin zuwa biyar, a tafa masa a ce Malam mai adalci. Har ya ji yadda zai tsara maganar, kuma ta yi daɗi ƙwarai.

Ya dubi Sista. Ba ta taya kowa nema ba. Tana zaune, hannuwanta a kan sauran katunan talatin da tara, tana daidaita gefensu da babban yatsa. Ko sau ɗaya ba ta waiwayo inda yake ba. Haka take zama kowace yamma in ya ce an ga mai nasara. Shekara uku yana rufe mata wasa a zagaye na goma, ga shi yau ma hannunsa na shirin tattarawa. Abin ya yi masa ciwo sosai.

"Saura minti biyu," in ji Mai Shago.

Malam ya miƙe. Ya yi gyaran murya irin ta aji, ya fito da littafin maki, ya buɗe shi a gaban kowa, ya zaro katin ya ajiye ƙarƙashin fitila.

"Ga wani ɗalibi nan ya makara," ya ce. "A bar shi ya shiga."

Mai Shago ya duba gaba, ya duba baya, ya dubi Malam ta saman gira. "Ka san abin da kake yi kuwa?"

"Lissafi nake koyarwa."

Direba ya buga iya ƙarfinsa, ba a ce ba. Ya ga abin da ya sami Malam, don haka ya yi ta tattalin katunansa, yana riƙe Guguwa sai inda ya ga ƙofa. Sau biyu ya kai katangar Sista tubali ɗaya tak, ɗakin ya miƙe tsaye. Sau biyu Magini na fitowa daga ƙarƙashin tari, inda tsohon ya ajiye shi. Malam ya manta da wanda yake goyon baya. Aka ji shi yana cewa, "Mai Gadi, Sista, dawo da Mai Gadi," har sai da Mai Shago ya ce a yi wa ɗan kallon nan magana. A zagaye na ashirin da uku Direba ya kai ƙaton hannunsa, ya shafa tebur, ya kwashe da dariya har da buga cinya.

"Mai ya ƙare a tsakiyar daji," ya ce. "Anti, na sallama."

Da aka gama tafi, aka miƙa mata kofin gasar. Kowa na satar kallon aljihun Malam. Direba ya matso ya ce, "Malam, ai wasa ne. Ba wanda zai riƙe ka da maganar nan." Wasu suka ce haka ne, a bar ta. Malam ya ji daɗin hakan. Sannan ya zare biron, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa wa Mai Shago, shi kuma ya jefa shi cikin kofin ya yi ƙara.

"In na ci maganata yau, gobe wa zai yarda da goma ta?" in ji Malam. "Ko da yake goman ma kun ga inda ta kai ku."

Rana ta yi sanyi sa'ad da suka hau bas ɗin komawa. Sun sami kujera biyu a baya. Kofin na cinyarta, gwangwanin kuwa ta ɗora masa a tasa tun a tasha. Aljihunsa na gaba ya yi masa wani irin sakayau.

"Laraba fa?" ya ce bayan sun wuce gada. "Mutum dubu huɗu za su jira."

"Za su samu, ni ce da biro yanzu. Kai za ka riƙe waya, don kofin shayin nan yana karkatar da hoto. Kuma kai za ka riƙa tsaya mini da gwangwani, har ƙarshen wasa."

Ya yi dariya, ya ga ita ba ta yi ba. Ta ciro biron daga kofin, ta danna shi sau biyu ta ji yadda yake. Sannan ta kamo hannunsa na dama, ta buɗe tafin, ta rubuta a hankali don motar na girgiza. Ya ɗaga ya duba ta ƙasan tabarau. Bakwai bisa goma.

"Bakwai? Na ba da kati, na ba da biro. Ina ukun?"

"Minti uku hannunka na cikin jaka."

"Ai ba ki ko waiwayo ba."

"Ni na haɗa jakar da safe, Malam. Na san abin da ke cikin littafin."

Ya sake duban tafin hannunsa. "To me ya hana ki tambaya?"

"Gwaji nake yi," in ji Sista. "Ni ba na rufe wasa a zagaye na goma."

Ta sake jawo hannun, ta ƙara 'yan kalmomi a ƙarƙashin makin: Ka ƙara ƙoƙari. Ta rufe biron, ta saka a jakarta, ta zuge.

Motar ta cika maƙil kafin su iso, sai da suka kutsa tsakanin mutane suka kai ƙofa. Malam ya maƙale gwangwanin a hammata, ya kama ƙarfe da hannun hagu. Na daman ya ɗaga shi sama a buɗe, don kada gumi ya goge.